Shekaru Ukun Da Ba Nasa Ba

A takarda, ƙanena Shakir ya girmi kansa da shekara uku. Takardar haihuwarsa ta ce an haife shi ranar ɗaya ga Yuli, 1987. Ranar ba abin mamaki ba ce, don rabin mutanen garinmu Abul-Khasib, kusa da Basra, ranar ɗaya ga Yuli aka haife su. Duk wanda iyayensa suka je rajista suka ce sun manta ranar, ita magatakarda yake rubuta masa ya kira na gaba. Shekarar ce ƙarya. Takardar ta wani Shakir ce daban, yayansa, wanda bai taɓa gani ba.

Ni Nawal na gan shi. Ina da shekara biyar lokacin da ya rasu, shi kuma yana da biyu da 'yan watanni. Abin da na riƙe kaɗan ne: fuska rawaya, ciki a kumbure, da yaron da ba ya kuka sosai don ba shi da ƙarfin yi. Babu wanda ya san sunan ciwon. Babanmu Abbud a lokacin ya gudo daga soja, yaƙi ya ƙare amma an ƙi sallamarsu, yana ɓoye a gonar dabinon danginmu. Ko kasuwa ba ya shiga, balle ofishin gwamnati. Wata rana da hantsi na gan shi da ƙanensa Baffa Hamid sun fita da yaron a naɗe cikin alkyabba, aka ce mini ya tafi ziyara.

Bayan wata huɗu Yumma, mahaifiyarmu, ta haifi namiji. Kakarmu ta jawo hannuna ta kai ni bakin shimfiɗa ta ce, "Zo ki gani, Shakir ya dawo."

Na leƙa na ce, "Yaya aka yi ya ƙanƙance?"

Ta ce, "Hanya ce ta yi masa nisa."

Na yarda, me zai hana? Ba a rubuta mutuwar wancan ba, ba a rubuta haihuwar wannan ba, don duk biyun sai uba ya je da kansa ya sa hannu, kuma in da Baba ya je da ba a sake ganinsa ba. Takardar da ke cikin gwangwanin shayi ta koma ta sabon jariri. Maƙwabta suka ci gaba da kiran Yumma da Ummu Shakir kamar yadda suka saba. Ba mu kaɗai muka yi haka ba a unguwar, kuma ba abin da ake hira a kansa ba ne.

Yana wata bakwai fuskar ta fara rawaya. Wannan karon Yumma ba ta saurari kowa ba, ta ɗauke shi ta nufi Basra. Likitan ya dubi takarda, ya buɗe bakin jaririn ya ga ko haƙori bai tsiro ba, ya ce, "Wannan ne mai shekara uku?" Ta ce shi ne. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya rubuta abin da takarda ta ce. A wancan zamanin kowa ya san tambayar da ba a yi sau biyu.

A ranar muka ji sunan ciwon, talasimiya. Ɓargon yaron ba ya iya yin jini mai amfani. Gado ne, Baba da Yumma 'ya'yan wa da ƙane ne, kowannensu yana ɗauke da rabin abin bai sani ba. Ni rabi na ɗauko na tsira, su Shakir biyu suka haɗa duka. Magani ɗaya ne, ƙarin jini. Duk bayan mako uku, ranar Talata, har iyakar rai. Shi kuma jinin da ake ƙarawa yana tara ƙarfe a hanta da zuciya, sai a bi ƙarfen da allura a fatar ciki, daga baya da ƙwayoyi. Yana da shekara tara na gaskiya aka cire masa saifa.

Ciwon ne ya rufa wa ƙaryar asiri. Duk yaran ɗakin ƙarin jini ƙanana ne a jiki, ba sa tsawo da wuri, don haka ba wanda ya yi mamakin ɗan shekara goma mai kama da ɗan bakwai. An sa shi makaranta a makare, malamai suna yi masa kallon babban banza a aji, alhali sa'o'insa ne duka. Ni kuwa ina da shekara goma sha uku na zauna na haɗa lissafi da kaina, na gane mutum ba ya tafiya ziyara ya dawo jariri. Na ja bakina na yi shiru, don na ga manya sun yi shiru.

Shakir ya tashi da baki, abin da Allah bai ba shi a jiki ba ya ba shi a harshe. Da ya ji likitoci suna kiran ciwon ƙarancin jinin Bahar Rum sai ya ce, "Ni da ban taɓa ganin Bahar Rum ba, ya aka yi ya san adireshina?" Idan aka yi rigima da shi a layi sai ya ce a yi a hankali, jinin rabin mutanen Basra yana jikinsa, wataƙila har da na baban mai rigimar.

Aikin ƙarfi ba nasa ba ne, amma yana da rubutu mai kyau da kan da ba ya mantuwa. Ya samu wuri a bakin kotu cikin masu rubuta wa mutane ƙara, tebur ɗaya, lema ɗaya, kujeru biyu. Shekara goma sha biyar yana nan. Tsofaffin ƙauye sun fi son teburinsa don yana barinsu su gama surutu kafin ya fara rubutu. Na taɓa kai masa abinci na tarar da wani dattijo yana kumfar baki.

"Ustaz, ka rubuta cewa surukina ɓarawo ne, ɗan ɓarawo!"

"Baba, in na rubuta haka kai za a ɗaure. Bari mu ce ya riƙe tunkiyar da ba a ba shi ba."

"Tumaki huɗu ne!"

"To madalla, ƙarar ta yi ƙiba. Zauna ka sha shayi."

Bai yi aure ba. Sau ɗaya na matsa masa, ya ce, "Yaya, wa zan ɗauko in koya wa zaman jiran gawa? Ke da kika saba kin isa." Na jefe shi da takalmi, ya yi dariya har da tari. A ɗakin ƙarin jini kuwa Kaka suke ce masa, don duk waɗanda suka fara zuwa ranar Talata tare da shi sun riga shi, ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu ba su kai talatin ba. Iyaye sabbin zuwa ana nuna musu shi a ce, ga mai shekara talatin da bakwai, yana tafiya da ƙafarsa. Yana jin daɗin hakan, ba ya ɓoyewa.

A watan Yuni na shekarar 2024 likitarsu, Dakta Suhad, ta tara manyan ɗakin ta ba su labari. An samu hanyar da ake ɗebo ƙwayoyin ɓargon mutum, a kai su ɗakin gwaji a gyara abin da ya zo a karkace tun daga gado, a kashe tsohon ɓargon da magani mai zafi, sannan a mayar masa da nasa da aka gyara. In Allah ya sa an dace, jiki ya riƙa yin jininsa da kansa, a rabu da ranar Talata. Wani asibiti a ƙasar waje ya yarda zai ɗauki mutum kaɗan daga wurinsu. Sharaɗi na farko, kada mutum ya cika shekara talatin da biyar kafin takardunsa su isa.

Ya dawo gida ya tarar muna cin shinkafa da miyar kuɓewa, ya ba mu labarin yana dariya. "Shekara talatin da bakwai ina jiran motar nan, ta iso ta ce kujerun na yara ne." Baba ya rasu tun tuni, kakarmu ma haka. Na ɗaga kai na dubi Yumma. Ta ci gaba da cin abinci, ko cokalinta bai girgiza ba.

Na ba ta kwana uku ta yi magana. Ba ta yi ba. Rana ta huɗu na tafi bakin kotu da azahar, rana tana dukan lema, na jira ya sallami wata mata, na zauna a kujerar masu ƙara na gaya masa komai. Ya cire tabarau ya ajiye a kan takardu.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ina sha uku."

"Baffa Hamid fa?"

"Shi ya haƙa ramin."

"Ashe ni kaɗai ne baƙo a gidan." Sai na ga ɗan'uwana ya koma ma'aikaci a gabana. "Ƙarar gyaran shekaru ke nan. Na rubuta wa mutane irinta ta fi ɗari biyu. Mai sa'a wata shida, marar sa'a ya mutu ya bar wa 'ya'yansa. Wane lokaci aka haife ni?"

Na ce abin da na tuna, ana hawa dabino ana barbaɗa wa macen dabino garin furen namiji, kuma ana shirin azumi. Ya duba wayarsa ya ce azumin shekarar 1990 ƙarshen Maris ya kama. Ya ƙirga da yatsu. "Wata tara ya rage mini. Zai yiwu, in ba a ɓata ko mako ɗaya ba. Shaidu biyu ake so, manya a lokacin. Ke ba kya ciki, alƙali ba ya karɓar abin da 'yar shekara biyar ta gani. Yumma da Baffa ne."

Wata huɗu muka ɓata.

Na samu Yumma a kicin tana yanka kuɓewa na gaya mata abin da ake so ta faɗa a gaban alƙali: cewa ta haifi ɗa ya mutu, ta sake haifar wani. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ni ban binne ɗa ba. Namiji ɗaya na haifa, ga shi can yana shan shayi."

"Yumma, na gani da idona!"

"Mafarki kika yi."

Allah ya yafe mini abin da na faɗa mata ranar. Na ce ta kashe ɗaya da jahilci tana so ta kashe na biyu da taurin kai. Ta ajiye wuƙar ta shiga ɗaki, mako biyu ba ta amsa gaisuwata ba. Na je wurin Baffa Hamid ina huci, na ce shi ma ya lallaɓa ya tafi kotu. Ya ce ba zai riga ta ba, sannan ya gaya mini abin da ban sani ba. Mu mamatanmu a maƙabartar birnin Najaf muke binne su, amma hanyar Najaf a lokacin cike take da shingayen sojoji. Sai suka binne yaron amana a gefen gona, wato ajiya, da alkawarin za a dawo a ɗauke shi a kai shi cikin dangi da zarar hanya ta buɗe. Yumma da bakinta ta ɗauki alkawarin a kan ramin. Sai ga jariri, sai kaka ta ce ya dawo, kuma wanda ya dawo ai ba a zuwa ɗauko shi. Hanya ta buɗe shekara da shekaru, ba wanda ya je.

"In ta ce ya mutu," in ji Baffa, "ta ce ta bar ɗanta a ƙasa mai gishiri shekara talatin da biyar ke nan. Kin ga abin da kike nema a wurinta?"

Na gani, amma ban huce ba. Kwanaki suna tafiya, Shakir ya buga ƙararsa da hannunsa ya sa a aljihun tebur, ya hana ni sake tada maganar. "Yaya, ki bar ta. Na ga irinta da yawa a kujerar nan. Wanda aka jawo da ƙarfi a gaban alƙali yake juyawa." Ni ina ƙirga makonni ina kasa barci, shi yana kawo mata kifi daga kasuwa yana tsokanarta gishirin miyarta ya yi yawa.

A watan Oktoba, bayan an gama yankan dabino, ya zauna kusa da ita bayan la'asar ya ce, "Yumma, ba maganar kotu ba ce, na haƙura da wannan. An ce ina da yaya. Ki kai ni in gaishe shi kawai." Ban san me ta ji a muryarsa ba. Washegari ta sa abayarta.

Gonar an daɗe da sayar da ita. Gishiri ya kashe dabinon, rabin filin ya zama wurin buga bulo. Amma magaryar da ke bakin busasshen magudanin ruwa tana nan. Baffa Hamid ya jingina bayansa da ita ya yi taku bakwai zuwa alƙibla ya tsaya. Ba tudu, ba dutse, sai farin gishiri da fasassun bulo. Yumma ta durƙusa a hankali ta share wurin da tafin hannu, ta ɗora hannun a ƙasa ta ce, "Shakir."

Yana tsaye a bayanta ya ce, "Na'am, Yumma."

Ba ta juyo ba ta ce, "Ba kai ba."

Sai ta fashe da kuka irin na wadda aka yi wa rasuwa da safiyar nan. Masu buga bulo suka kashe injinsu. Na dubi ƙanena, ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. A makon Baffa ya samo mutane aka tono abin da ya rage aka kai Najaf cikin ƙaramin akwati. Da muka dawo Yumma ta ce, "Ina kotun take?"

Ya shigar da ƙara, aka sa ranar jin shaidu a Disamba. Saura wata uku da kaɗan ke nan, kuma ya fi kowa sanin ba lallai su isa ba. Amma yana da dabara. Ya kira ni gefe ya ce, "In alƙali ya tambayi ranar haihuwa ta ce ta manta, ɗaya ga Yuli za su rubuta, kamar kowa. Kin ga na samu ƙarin wata uku kyauta. Da wannan zan tsallake."

Na ce to mu yi mata bayani.

"Kul. In ta ji dabara ce za ta ce ana so ta yi rantsuwar ƙarya, mu koma gidan jiya. Zan ce mata kawai ta ce ta manta, don a gama da wuri."

Haka ya faɗa mata a mota, sau biyu. Ta gyaɗa kai tana kallon waje. Yumma ba ta san watannin bature ba, ba ta kuma san cewa kwana ɗaya yana iya raba mutum da magani ba. A ganinta shekara uku za a cire masa a wuce wurin. Na yarda da shawararsa, kuma har yau ina tambayar kaina me ya sa, ni da bakina bai taɓa riƙe magana ba.

Alƙalin dattijo ne mai haƙuri, ya san Shakir a bakin ƙofa. Baffa Hamid ya ba da shaidarsa. Aka kira Yumma ta ɗora hannu a kan Alƙur'ani. Ta faɗi komai da murya a tsaye, yadda na farko ya yi ciwo, yadda aka binne shi, yadda aka ba na biyu takardarsa. Sai alƙali ya ce, "Hajiya, kin tuna ranar da kika haifi wannan? In kin manta ba laifi, akwai ranar da muke rubutawa."

Wallahi shi da kansa ya buɗe mata ƙofar. Na miƙa hannu na ja gefen abayarta. Ta fizge.

"Ranka ya daɗe, wace uwa ce take mantawa? Saura kwana uku azumi, ranar Lahadi da hantsi. Babansa yana kan dabino aka kira shi, ya sauko da sauri har ya yanke a hannu. Na hana yaron nan suna nasa na kansa, na hana shi shekarunsa. Ranarsa ma in hana shi, hannuna a kan Littafi?"

Magatakarda ya duba kalanda ya rubuta, ashirin da biyar ga Maris, 1990. Da muka fito Shakir ya sumbaci kanta ya ce, "Kin yi daidai, Yumma, kin fi lauyoyin nan duka." Fuskarta ta yi haske kamar wadda aka sauke wa tulu daga ka. Da ta yi gaba da Baffa ya matso kusa da ni ya ce ƙasa-ƙasa, "Wata uku ya tafi. In kika buɗe baki ban yafe ba."

Daga nan sai gudu. Mutumin da ya shekara goma sha biyar yana tura mutane ciki, shi ne yanzu yake hawa bene yana sauka da fayil a hammata, yana tsayawa a kowane hawa ya huta. Wasiƙa zuwa ofishin rajista, jiran amsa, kwamitin likitoci da za su kimanta shekaru, sanarwa da kwanakin da doka ta ce a jira bayanta. Ba wanda ya zalunce shi, gaskiya, wasu ma sun ɗaga masa fayil sama don sun san shi. Kowane mataki dai da kwanakinsa, kuma shi ya san adadinsu tun kafin ya fara. Azumi ya shigo farkon Maris, ofisoshi suka koma tashi da azahar.

Ashirin da biyar ga Maris ta faɗo ranar Talata, ranar jininsa. Na raka shi. Nas ɗin da ta shekara ashirin tana neman jijiyarsa, Ummu Karrar, ta ji labarin shari'ar amma ba ta san lissafin ba. Tana ɗaura ledar jini ta ce, "Kaka, an ce an rage maka shekaru. Yanzu nawa ke nan?"

"Yau na cika talatin da biyar," ya ce. "Karo na biyu. Na farkon ya fi daɗi."

Ta yi dariya, ni na fita baranda na yi kukana.

Hukuncin ya fito ranar tara ga Afrilu, bayan hutun Salla. Ya makara da kwana goma sha biyar. Da ɗaya ga Yuli aka rubuta, da yana da ragowar kusan wata uku a hannu. Dakta Suhad ta tura takardun duk da haka, ta haɗa da wasiƙar roƙo mai shafi biyu. Amsa ta zo a layi uku, suna ba da haƙuri. Ta gaya mini daga baya cewa ko da ya shiga, sai an gwada zuciyarsa, kuma ba ta da tabbacin za ta ci gwajin. Na san don ta sanyaya mini rai ta faɗa, wataƙila kuma gaskiya ne. Ba za mu taɓa sani ba, kuma rashin sanin ya fi ci mini rai.

Mutum biyu aka ɗauka daga ɗakin Talata. Ɗaya 'yar shekara goma sha tara ce mai suna Tabarak, kuma Shakir ne ya cika mata takardunta duka, ya bi su layi-layi har sau uku kada a samu kuskuren harafi. A gida ya ce wa Yumma asibitin sun karɓi shekarunsa, amma sun ce zuciyarsa ta tara ƙarfe, ba za ta jure maganin ba. Ta yi kuka ta ce Allah ya fi su sani. Ya koma teburinsa da sabon katin shaida a aljihu, yana nuna wa abokan aikinsa yana cewa yanzu sai su riƙa aikensa sayen shayi, don duk sun girme shi.

Zuciyar ce kuwa ta ɗauke shi, a farkon sanyi. Ƙafafunsa suka fara kumbura, numfashi ya gajarta, ya yi kwana shida a asibiti. Ranar Asabar da safe, Yumma ta fita alwala, ya kama hannuna ya ce, "Yaya, na san bakinki. Ki yi mini alkawari." Na ce ya daina wannan maganar. Ya ce, "Shekara talatin da biyar ta ɗauki wancan. Kada ki ɗora mata wannan." Na yi alkawari. Bai kai azahar ba.

Ina jin haushin Yumma, ba zan ɓoye ba. Ina jin haushin wata huɗun da ta cinye mana, da kalmomi biyun nan, "na manta," da ta ƙi faɗa. Kuma in na zauna na nemi laifinta a gaban alƙalin nan sai in rasa, don gaskiya ta faɗa, karo na farko a kan ɗanta, kuma don shi ta faɗa.

Rana ta uku da rasuwar, mata sun cika falo bayan la'asar, ina zagayawa da butar gahawa. Wata maƙwabciya ta ce Allah sarki, ya yi ƙoƙari, talatin da takwas da irin wannan ciwon ba wasa ba. Yumma ta ɗago kai.

"Talatin da biyar," ta ce. "Da wata bakwai. Ni na tsaya a gaban alƙali na ba shi ranarsa. Har alƙalin ya ce in na manta ba laifi, shi ma yaron ya ce in ce na manta don kada in wahala. Na ce a'a. Abu ɗaya ke nan da na yi masa daidai a duniya, ya tafi wurin Ubangijinsa da shekarunsa na gaskiya. Da muka fito ya sumbaci kaina." Ta juyo tana nemana da ido cikin matan. "Nawal tana wurin. Nawal, ko ba haka aka yi ba?"

Duk falon ya juyo yana kallona. Na ajiye butar a ƙasa.

Na ce, "Haka aka yi, Yumma."